Daga sanyin Jos zuwa bakin teku a Ada, saura kwana 12: me za mu ɗauka, me za mu bari?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Jiya da daddare Baban Hanifa ya zo min da zance wai ya kama mana gida sukutum a Ada, can ƙasar Ghana, inda kogin Volta ya faɗa teku. Kwana shida za mu yi, tafiya ran 22 ga Disamba, yau kuma 10. Mu bakwai ne: ni da shi, yara uku, ƙanwarsa, sai Hajiya mahaifiyarsa. Autar watanta 14. Gidan akwai kicin, akwai wurin ninkaya. Ni dai ban taɓa kwana a bakin teku ba, yanzu ma da suwaita biyu da safa nake rubutun nan. Waɗanda suka san irin wuraren nan ku taimaka min, me zan zuba a akwati?

Bilkisu Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Su Baban Hanifa an iya bazata. Allah Ya sa namu su gani su koya.

Alhaji Sabo: Ƙanwata, rufe akwatin nan tukuna. Kaya ko a daren tafiya kya haɗa. Fito da fasfo ɗin kowa yanzu ki duba ranar ƙarewarsa, har na jaririyar, don ita ma nata daban ne. Duk wanda saura bai kai wata shida ba, ku san abin yi tun yau. Biza ba kwa buƙata, Ghana tana cikin ECOWAS, kuma tun yarjejeniyar 1979 ɗan ƙasashen ƙungiyar yana iya shiga ya zauna har kwana 90. Amma katin rigakafin cutar shawara, wannan ruwan ɗorawar, dole ne. Suna tambayarsa a filin jirgin Accra.

Maman Hanifa: Fasfo duk lafiya Yaya, na duba. Kati kuma ni da shi muna da na lokacin Umara. Yaran da Hajiya da ƙanwar tasa ne ba su da shi.

Sista Rifkatu: To nan gizo yake saƙar. Allurar shawara sai ta cika kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki. Idan tafiya 22 ce, ƙanwar mijinki ta yi allurarta gobe ko jibi, kada ta wuce ran 12. Naku ke da maigida babu damuwa in dai irin sabon nan ne, mai lambar da ake dubawa a na'ura. Allurar kanta sau ɗaya ce a rayuwa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke maganar sabuntawa bayan shekara goma. Yara kuma ai ana yi musu ita a wata tara cikin rigakafin da aka saba, sai ki ɗauko katunansu na asibiti ku tafi da su ofishin lafiya na masu fita waje, su za su duba su ba da katin tafiya. Hajiya ce abin a tsaya. Shekarunta nawa?

Maman Hanifa: Ta haura 70. Ta yi aikin Hajji tun da daɗewa amma ba ta san inda takardun suke ba.

Sista Rifkatu: To kada kowa ya kai ta a soka mata allura haka kawai. Wanda ya haura 60 kuma ba a tabbatar ya taɓa yi ba, likita ne zai auna ko a yi ko a rubuta mata takardar uzuri. Ku kai ta wurin likitan da yake duba hawan jininta, ku jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Kawu Ɗanlami: Ni fa ban gane wannan wahalar ba. Ga Yankari nan kusa da ku a Bauchi, ruwan Wikki da ɗuminsa dare da rana, ba fasfo ba allura ba canjin kuɗi. A ɗauki tsohuwa da jaririya a kai su ƙasar wasu a watan da komai ya fi tsada. Tun da suka yi bikin dawowar baƙaƙen fata na ƙetare a 2019, Disamba a Accra sai mai ƙwarin aljihu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Bilkisu Gwarinpa: Kawu an riga an biya kuɗi fa. Kuma Yankari babu teku.

Kawu Ɗanlami: Tekun sha za su yi?

Sadiya Kano: Ni abin da ya ba ni dariya tsoron zafin. 'Yan Jos kenan, rana ta ɗan leƙo ku ce za ku mutu. Ku zo Kano a watan Afrilu ku ga digiri 40 da ɗoriya. Maman Hanifa, me ya hana ku Zanzibar ma? Can ake yayi, kuma garin Musulmi ne.

Alhaji Sabo: Zanzibar ba ta tafiyar gaggawa ba ce ga mai koren fasfo. Najeriya tana cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi, sai an tura takardu an jira amincewa, kuma jiran yakan ɗauki makonni. Ga inshorar dole ta dala 44 da suka ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024. Mijinta ya yi lissafi da ya zaɓi Ghana.

Sista Rifkatu: Sadiya, zafinku da nasu ba ɗaya ba ne, kuma ba raki ba ne. A Ada yanzu da rana bai fi digiri 31 ko 32 ba, in lamba za a bi Kano a watan Afrilu ta fi. Amma jiki da gumi yake huce kansa, sai gumin ya bushe a fata sannan zafi ya fita. Iskar Kano busasshiya ce, tana shanye gumin nan take. Ta bakin teku ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar naka, sai ya zauna a jiki yana tsiyaya, kai kuma ba ka huce ba. Kamar ka shiga banɗaki bayan wani ya gama wanka da ruwan zafi, haka za ka wuni. Dare ma da wuya ya sauka ƙasa da 24. Ki haɗa da cewa waɗannan mutanen daga tudun da ya kai mita 1,200 za su sauko, cikin tsakiyar hunturu. Kwana biyun farko kowa zai yi laushi, har maigidan da ya shirya tafiyar.

Sadiya Kano: Na ji, na janye. Amma dai ku rage raki.

Anti Talatu: Maman Hanifa 'yata, ki saurare ni kan tufafi. Duk wata shadda mai sitaci, da leshi mai dutse, da baƙar abaya mai santsin nan ta roba, ki bar su a gida. Ki ɗauki dogayen riguna na atamfa wadda ta sha wanki ta yi laushi, ɗinkin buba, ba mai kama jiki ba, ba mai shafi a ciki ba. Mayafi na auduga marar nauyi. Hijabin roba in kika zumbula shi a can, kafin ki idar da raka'a biyu ya jiƙe. Maigida jallabiya da yadi marar nauyi sun ishe shi, kada ya ce sai babbar riga. Yara singileti da gajerun wanduna da yawa, don sau biyu ko uku za ki canza musu a wuni.

Bilkisu Gwarinpa: Ƙari a kan maganar Anti: wanki ba ya bushewa yadda kika saba. A Jos yanzu ki shanya zani kafin ki gama girki ya ƙame. Can tawul sai ya kwana ya wuni da danshinsa, ya fara wani bashi-bashi. Kada ki ɗauki manyan tawul masu kauri, zannuwa sun fi. Ki tafi da igiyar shanya da 'yan maƙalai, ki shanya a ɗakin da esi ko fanka ke aiki. Kuma kada ki cusa jiƙaƙƙen kaya a akwati ranar dawowa, kafin ku iso Jos sun yi funfuna.

Maman Hanifa: Ina rubutawa wallahi. Man shafawa fa? Yanzu basilin da man kaɗanya nake laftawa yaran safe da yamma saboda kaushi.

Sista Rifkatu: Ki daina laftawar daga ranar da kuka sauka. Mai mai kauri yana toshe ƙofofin gumi, shi ke kawo ƙurajen zafi a wuya da baya da matsematsi, musamman ga autar. Wanka da ruwa marar zafi sau biyu ko uku, a tsane jiki sosai, a bar ta ta sha iska ba famfas na ɗan lokaci. Ki sayi ruwan kalamin a kemis ki tafi da shi. Man kariya daga rana kuma ku shafa, kada a ce baƙar fata ba ta ƙonewa, tana yi, sai an dawo ki ga kafaɗar yaro tana saɓa.

Sauran abin da zan sa a jaka in ni ce: farasitamol na manya da na yara, ma'aunin zafin jiki, filasta, da ƙunshin ORS da zinc saboda gudawa. In ORS ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan sha na gora kawai, kuma a bi yara da shi, kada a jira su ce ƙishirwa. Ki riƙa lura da fitsarinsu, in ya yi duhu ruwa ya yi ƙaranci. Magungunan Hajiya su zauna a jakar hannu cikin kwalayensu, ba a akwatin da za a jefa ƙarƙashin jirgi ba. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, a wurin zafi sai jiri ya ɗebi mutum in ya miƙe. Ku tambayi likitanta, kada ta rage ko ta daina da kanta.

Sauro kuma, can ba ya tafiya hutun hunturu kamar namu. Gidan sauro ko biyu ne ku saka a kaya, da man korar sauro. Ku yi wa likita maganar maganin rigakafin maleriya. Wanda duk ya yi zazzaɓi a can ko bayan an dawo, a yi gwaji kafin a sha komai.

Alhaji Sabo: Yanzu a zo kan gidan kansa, don shi ne rabin tafiyar. A hoto kowane gida aljannar duniya ne. Ki ce wa maigida ya kira mai gidan ta bidiyo, kai tsaye, ba wanda aka ɗauka aka ajiye ba. Ya zaga da shi ɗaki-ɗaki, ya kunna esi a gabansa, ya buɗe famfo, ya buɗe firiji. Gani ya kori ji. Sannan a tambaya: in an ɗauke wuta akwai janareta? Yana ɗaukar esi ko fitila da fanka kawai? Wa ke sayen mai? Mitar ta kati ce, kuma wa ke loda ta? Su ma suna da ɗaukewar wutarsu, kuma daren da babu fanka a bakin teku da jaririya ba dare ba ne. Tagogi akwai raga? Ɗakin Hajiya a ƙasa yake ko sai ta hau bene? Kada a biya ragowar kuɗin sai an shiga gidan.

Bilkisu Gwarinpa: A tambaya kuma ko wurin ninkayar naku ne ku kaɗai, da ko maƙwabta suna hango shi. Kada ki ɗinka kayan wanka ki je ki tarar da mai gadi da mai shara zaune suna kallo. Buta ma ki saka guda biyu, ba lalle ki samu a gidan ba.

Sista Rifkatu: Tunda an zo maganar ruwa bari in yi ta da babbar murya, don ita ta fi tsaya min a rai fiye da zafin. Ruwa uku ne a wurin nan kuma kowanne da irin haɗarinsa.

Na cikin gida shi ya fi kusa da autar. Yaron da ya fara tafiya ba ya ihu in ya faɗa ruwa, ba ya fantsama, shiru kawai za a ji. Kuma ya fi faruwa a inda manya suka yi yawa, kowa yana zaton wani na kallo. Ku raba aikin da suna: daga yanzu zuwa azahar wance ce mai ido, ba waya a hannunta. Ƙofar da ta fita wajen ruwan ta zauna a kulle, makulli a sama. Robar hannu da ake hura wa iska abin wasa ce, ba ta hana nutsewa.

Teku kuma, gaɓar nan tun daga Legas har Ghana igiyarta tana da ƙarfi, akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da gudu ya ja mutum ko da iya gwiwa ya tsaya. Mu da muka koyi iyo a kududdufin haƙar kuza, in ma mun koya, ba sa'anninsa ba ne. A tsaya a jiƙa ƙafa, hannun yaro cikin na babba. In za ku shiga kwalekwale zuwa bakin da kogi ya haɗu da teku, kowa da rigar kariya, babu ita babu shiga.

Kawu Ɗanlami: To su yi wankan a kogin mana, tunda shi ba ya ja.

Sista Rifkatu: Shi ne na ukun Kawu. Kogin a kwance yake, gwanin sha'awa, amma yankin Volta an san shi da tsargiya. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 gudun ruwan ya ragu, ciyawa ta yi yawa, katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar ta samu wurin zama. Ta fata take shiga, ba sai an sha ba, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini. Su kalli kogi daga cikin kwalekwale, wanka a gida.

Kawu Ɗanlami: Teku ba a shiga, kogi ba a shiga. Na ce Yankari kun ƙi.

Anti Talatu: Ɗanlami ka bar yarinya ta ji da abin da ke gabanta. 'Yata, abinci. Hajiya ba za ta ci dokunu da barkono kwana shida ba, na san ta. Ki tafi da garin tuwo, da acca ko mudu ɗaya ne saboda sukarinta, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu da tsamiya. Komai a robar da murfinta ke kamawa gam, ba a leda ba, don iskar can tana shiga gari ya dunƙule, yaji ya yi laushi. Kilishi da dambun nama kada ki wahalar da kanki, danshi yana lalata su, kuma kayan nama suna jawo tambaya a kwastan.

Bilkisu Gwarinpa: Anti ki yi haƙuri, a nan kam ban bi ki ba. Garin tuwo, kuka, daddawa. To wa zai tuƙa? Mace ta bar kicin ɗinta a Jos inda ko gumi ba ta yi, ta je ta tsaya kan tukunyar tuwo a wurin da ake tsiyaya, miji da yara suna cikin ruwa suna ɗaukar hoto. Wannan hutu ne ko canjin kicin? Abin da ba a faɗa game da kama gida sukutum kenan. A otal wani ke dafawa, wani ke wanke kwano, wani ke gyara gado. A gidan haya duk suna komawa kan mutum ɗaya, kuma mun san ko wace ce.

Anti Talatu: Ke Bilkisu, girkin mutum bakwai har wani aiki ne? Mu da muka yi wa gidan mutum ashirin? Kuma ka san hannun wa za ka ci a ƙasar da ba taka ba? Tukunyar ma ba ka san me aka dafa a ciki ba.

Bilkisu Gwarinpa: Tukunya a wanke ta Anti. Kuma ku da kuka yi wa mutum ashirin ai ba a ce muku hutu aka kai ku ba.

Malam Hudu: Anti tana da gaskiya ta wani ɓangare, Bilkisu ma haka. Kayan kicin in ana shakka wankewa ta wadatar. Nama shi ne abin lura, a saya a hannun Musulmi. Wannan kuwa ba wuya a Ghana, kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar Musulmi ne, kuma in kun shiga Nima ko Madina ko Sabon Zango a Accra da Hausa za ku yi ciniki. Kifi da sauran abin ruwa duk halal ne a mazhabarmu. Sai maganar sallah tunda ba a tambaya ba: a hanya za ku yi ƙasaru, amma da yake kun yi niyyar zaman da ya kai kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, da kun isa sai ku cika. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, a gyara na hannu saboda asuba. In kun samu sarari ranar dawowa ku kai Hajiya babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, ginin irin na Turkiyya. Za ta ji daɗinsa.

Alhaji Sabo: Ga sulhu. Yawancin irin gidajen nan mai gidan ya san matar da ke zuwa girki da wanke-wanke a biya ta kullum. A ɗauke ta. Ita ta gasa karfasa, ta yi shinkafa da wake irin nasu, ta wanke kwanuka. Tuwon Hajiya da kununta kaɗai Maman Hanifa ko ƙanwar miji za su riƙa yi, tukunya ƙarama, da sassafe ko bayan magariba. Cefanen nama da kayan shayi da famfas ku yi shi a Accra ko Tema kafin ku kama hanya, don Ada ƙaramin gari ne. Tafiyar kamar kilomita 100 ce, ta hanyar Aflao, a Kasseh ake karyawa. Ku nemi mota babba tun yanzu, mutum bakwai da kaya tasi ɗaya ba za ta ɗauke ku ba.

Maman Hanifa: Wallahi Bilkisu kamar kin shiga zuciyata, kunya ce ta hana ni faɗa. Anti kuma zan ɗauki accar da kukar, ba zan bar su ba. Yaya Sabo, kuɗi fa? Da soket, sai mun sayi wani abin haɗi?

Alhaji Sabo: Soket irin namu ne mai baki uku, cajarku za ta shiga. Ki dai ɗauki doguwar waya mai ramuka da yawa. Fawa bank a jakar hannu, ba a yarda a sa shi a akwatin awo ba. Kuɗinsu sidi ne. Ya riƙe dala ya canza a wurin canji mai lasisi a Accra, kada ya dogara da katin banki kaɗai, ya kira bankinsa tukuna ya ji ko zai yi aiki a waje. Tikitin kuma a duba da kyau, wani jirgin daga Abuja kai tsaye yake zuwa, bai kai awa biyu ba, wani sai ya biya ta Legas. In na safe ne ku kwana a Abuja, kada ku ce za ku taso daga Jos da asuba ku bi ta Akwanga da Keffi a makon Kirsimeti.

Bilkisu Gwarinpa: Ku kwana a gidana, magana ta ƙare. Ku bar suwaitocinku da barguna a nan ma, ranar dawowa ku ɗauka, don jikin da ya saba da ɗumi kwana shida in ya hau Hawan Kibo da yamma zai gaya muku.

Baban Hanifa: Salamu alaikum. Ina ta karantawa tun ɗazu. Na kira mai gidan, ya zaga da ni. Esi uku suna aiki, na ɗaki na huɗu ya mutu, ya ce zai gyara, na ce a rubuce nake so. Janareta akwai amma mai a kanmu yake. Akwai ɗaki a ƙasa na Hajiya. Mai girki kuma ya ce akwai, na ce a ɗauke ta duk kwanakin.

Bilkisu Gwarinpa: Au, ashe kana ciki! Ranka ya daɗe, duk abin da na faɗa a kan maza ban da kai.

Sista Rifkatu: Shingen wurin ninkayar fa?

Baban Hanifa: Babu shinge Sista. Ƙofar falo ce ta gilas take fita wajen, tana da makulli.

Sista Rifkatu: To makullin ya zauna a aljihunka. Kuma gobe da safe ƙanwarka ta kama hanyar allura, a haɗa mata da katunan yaran.

Anti Talatu: Maman Hanifa ki turo Hanifa gobe bayan la'asar ta karɓi accar, tawa wankakkiya ce ba tsakuwa. Ki haɗo ta da robar da za a zuba.